Ƙwaƙwalwa Ɗaya, Hukunci Uku: Sankara, Taɓin Hankali da Jarabar Ƙwaya

 

A kowane gari na ƙasar nan akwai marasa lafiya iri uku da cutarsu ke zaune a gaɓa ɗaya, amma jama'a ta yanke musu hukunci daban-daban. Wanda aka ce an ga ƙari a ƙwaƙwalwarsa, za a cika asibiti da 'yan dubiya, a yi masa karo-karo, a sa shi cikin addu'a bayan kowace salla. Wanda ya samu taɓin hankali, sai a shigar da shi ɗakin ƙurya, a riƙa ce wa baƙi ya yi tafiya, don kada ƙannensa mata su rasa manema. Wanda kuwa ƙwaya ta kama, shi ko lissafa shi ba a yi cikin marasa lafiya. Sunansa ɗan ƙwaya, idan ya ishi mutane kuma ga gidan mari. Abin da nake so in kafa hujja a kansa yau shi ne, binciken da aka yi a kan ƙwaƙwalwa cikin shekara 70 da suka wuce ya rushe katangar da muka gina tsakanin mutanen nan uku, kuma wanda katangar ta fi cutarwa shi ne na ukun. Cututtukan sun bambanta, kuma ba zan wanke mai shaye-shaye daga kowane laifi ba. Iƙirarina ya tsaya a nan: jarabar ƙwaya canji ce da take faruwa a cikin naman ƙwaƙwalwa, kuma abin da take raunanawa shi ne ainihin abin da muke umartar mutum ya yi amfani da shi ya daina, wato ikon kame kai.

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Ƙwayoyin nan ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace biyu akwai ɗan gurbi siriri, wadda ke da saƙo sai ta fesa wani sinadari a gurbin, ta gaba kuma ta karɓe shi ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jikinta. Tunani da tsoro da kunya da sha'awa duk ta wannan hanya suke tafiya. Mutum yakan ji nauyin yarda cewa halinsa, abin da aka san shi da shi a unguwa, ya dogara da lafiyar wani yanki na tsoka, amma likitoci sun daɗe da ganin haka da idonsu. A 1848 a jihar Bamont ta Amurka, nakiya ta tashi da wani shugaban leburorin jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage, sandar ƙarfe ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta tsakiyar kansa, ta lalata ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi. Bai mutu ba sai a 1860. Likitansa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya aiki ya koma mai zagi, marar haƙuri, wanda ba ya tsayawa kan shawara ɗaya. Marubutan baya sun ƙara wa labarin gishiri, domin daga bisani Gage ya farfaɗo har ya yi shekaru yana tuƙa keken doki a ƙasar Chile, amma asalin darasin yana nan. Wanda ya fi shi ƙarfin hujja shi ne rahoton da likitoci biyu na Jami'ar Bajiniya suka buga a 2003, game da wani malamin makaranta ɗan shekara 40 da ya tsinci kansa cikin muguwar sha'awa wadda bai taɓa sani ba, har ta kai shi gaban alƙali. Da ciwon kai ya tsananta aka ɗauki hoton kansa, sai ga ƙari a can ƙasan goshi ta ɓangaren dama. Aka cire ƙarin, sha'awar ta tafi. Bayan watanni ta dawo, aka sake dubawa, ashe ƙarin ne ya sake tsirowa. Abin lura a nan, mutumin ya san abin da yake yi ba daidai ba ne. Sanin yana nan, ikon tsayawa ne ya gushe.

Tun da mun shigo maganar ƙari, bari mu ɗan tsaya a kan sankarar ƙwaƙwalwa, don ita ce wadda ba mai musun cewa cuta ce. Mafi muninta ita ce wadda likitoci ke kira giliyobilastoma. Ita ta kashe Sanata Edward Kennedy a 2009 da Sanata John McCain a 2018, mutanen da ba kuɗi ko asibiti suka rasa ba. Maganin da ake bi har yau ya samo asali ne daga gwajin da Roger Stupp da abokan aikinsa suka buga a 2005: tiyata, sannan gashi da haske, haɗe da ƙwayar temozolomid. Abin da ƙarin maganin ya samar shi ne matsakaicin tsawon rai ya tashi daga wata 12 zuwa kusan wata 15, kuma a duniyar wannan cuta an ɗauki hakan babbar nasara. Shekaru da yawa ana kallon wannan ƙari a matsayin baƙon abu da ke girma shi kaɗai yana danne abin da ke kusa da shi. A 2019 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya ƙarƙashin Michelle Monje a Jami'ar Sitanfod ta Amurka, ɗaya a Haidelbag ta Jamus inda Frank Winkler yake, suka nuna cewa ƙwayoyin sankarar suna ƙulla mahaɗa ta gaske da lafiyayyun jijiyoyi. Suna karɓar saƙon lantarkin da ƙwaƙwalwa ke aikawa, kuma saƙon yana sa su hayayyafa da yaɗuwa. Ɗakin binciken Monje ya ƙara nunawa a 2023 cewa mahaɗar nan tana ƙara ƙarfi ta irin hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi wajen koyon sabon abu. Ku riƙe wannan magana, domin a kanta laccata za ta tsaya: baiwar da Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa ta sauya kanta gwargwadon abin da ake maimaita mata, wadda da ita yaro ke haddace Alƙur'ani, maƙeri ke ƙwarewa a sana'arsa, ita ce kuma ƙofar da cuta ke shiga. Sankara ta shiga ta nan. Ƙwaya ma ta nan take shiga.

Labarin yadda aka gano haka ya faro ne a 1954 a Jami'ar Makgil da ke Kanada, inda James Olds da Peter Milner suka dasa siririyar waya a ƙwaƙwalwar ɓeraye, suka ba su wani maɓalli da idan sun taka zai aika ɗan lantarki cikin wani yanki mai zurfi. Ɓerayen suka duƙufa kan taka maɓallin, sau ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, a awa guda. An gano cewa hanyar jijiyoyin da abin ya shafa tana aiki da sinadarin dofamin, wanda Arvid Carlsson na Suwidin ya tabbatar a ƙarshen shekarun 1950 cewa ɗan saƙo ne mai zaman kansa a ƙwaƙwalwa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2000. Da farko an ɗauka dofamin shi ne sinadarin jin daɗi, har yanzu ma haka jaridu ke rubutawa. Bincike biyu suka gyara wannan fahimta. Wolfram Schultz ya auna jijiyoyin dofamin a birai, ya ga suna tashi ne idan lada ta zo ba zato. Idan biri ya koyi cewa wata alama ce ke gabatar da ruwan zaƙi, sai jijiyoyin su daina tashi lokacin shan ruwan, su koma tashi lokacin ganin alamar. Aikin dofamin ke nan: ya rubuta wa ƙwaƙwalwa cewa wannan abu ya fi yadda aka zata, a tuna da shi, a tuna inda aka same shi da wanda aka same shi a wurinsa. Sai Terry Robinson da Kent Berridge na Jami'ar Mishigan suka zo a 1993 da bayanin cewa son abu da jin daɗinsa hanyoyi biyu ne daban a ƙwaƙwalwa. Maimaita shan ƙwaya yana kumbura hanyar so, alhali hanyar jin daɗi tana dusashewa. Duk wanda ya zauna da wanda ya yi nisa a shaye-shaye ya ji wannan daga bakinsa: ya daina jin daɗin abin tuntuni, ya tsani kansa a kai, amma da ya ga kwalbar ko ya bi ta lungun da ake sayarwa sai jikinsa ya ɗauki rawa. Mu muna ɗaukar wannan magana ƙarya ce ta neman uzuri, ga shi kuwa ta yi daidai da abin da aka auna.

Abinci da ruwa da ganin 'ya'ya suna motsa wannan hanya daidai gwargwado, kuma idan an saba sai motsin ya lafa. Ƙwaya tana tsallake wannan ƙa'ida, domin ita kai tsaye take taɓa sinadarin, kowane sha sai ta sake rubuta saƙon da ƙarfi. Abin ya yi kama da zaizayar ƙasa: ruwan damina ya sami 'yar hanya a gefen gona, kowace shekara ya ƙara mata zurfi har ta zama kwazazzabo, kuma ko an yi rani mai tsawo, ranar da ruwa ya sauka nan zai nufa. Shi ya sa mutum kan yi wata shida a tsare bai sha komai ba, ranar da ya dawo unguwa ya ga tsofaffin abokai sai ya koma. Nora Volkow, wadda ta zama shugabar cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka a 2003, ta yi amfani da na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa ta nuna cewa masu jarabar hodar iblis, da daga baya masu jarabar wasu kayan maye, suna da ƙarancin wani nau'in ƙofofin karɓar dofamin, kuma wannan ƙaranci yana tafiya tare da raunin aiki a ɓangaren bayan goshi, wurin da sandar Gage ta ratsa. George Koob kuma ya bi ɗaya gefen, ya nuna yadda hanyoyin fargaba da ƙunci ke ƙara kaifi, har mutum ya koma yana sha don ya tsere wa azabar rashin sha. Idan aka haɗa, ga so ya kumbura, ga ƙunci ya ƙaru, ga mai tsawatarwa ya raunana. Ɓangaren bayan goshin nan kuwa shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya kammala girma sai mutum ya kai wajen shekara 25. Yaron da ya fara shan kodin yana ɗan shekara 15 ya fara ne a lokacin da sha'awarsa ta riga hankalinsa girma.

Kodin da tiramol, waɗanda suka fi addabar Arewa, suna da nasu bayani. A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana da ƙofofi na musamman da ke karɓar dangin mofin, bayan shekara biyu kuma John Hughes da Hans Kosterlitz a Abadin ta Sikotilan suka gano cewa jiki da kansa yana ƙera sinadaran da ke shiga waɗannan ƙofofi don rage zafin ciwo. Kodin idan ya isa hanta, wani kaso nasa mofin yake komawa. Wanda ya daɗe yana sha, jikinsa yakan daidaita kansa da abin da ake ɗura masa, ranar da ya rasa sai ciwon gaɓoɓi da gudawa da zufa da rashin barci su taso masa. Tiramol kuma, idan an sha da yawa, yana jawo farfaɗiya. Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda. Miliyan 10.6 tabar wiwi, miliyan 4.6 dangin tiramol, miliyan 2.4 maganin tari, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun 2018, bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar, gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Hanin ya toshe kwalba, amma bai taɓa ƙwaƙwalen da suka riga suka canja ba, kuma wanda ya rasa kodin wani abin zai nema.

Akwai hujjoji biyu da nake ganin sun fi hotunan na'ura ƙarfi, domin a cikinsu an taɓa ƙwaƙwalwa ne sannan hali ya biyo baya. Masu cutar karkarwa ta Fakinsin suna rasa jijiyoyin dofamin, don haka ake ba su magungunan da ke kwaikwayon sinadarin. An lura cewa wasu daga cikinsu, dattawan da ba su taɓa kusantar caca ba, sukan faɗa mata har su karya gidajensu, wasu kuma su faɗa sayayya ko ci ba ƙaƙƙautawa, idan an rage maganin kuma abin ya lafa. Hujja ta biyu ta zo a 2007, lokacin da Nasir Naqvi da Antoine Bechara da abokan aikinsu suka ba da rahoton mashaya sigari da bugun jini ya lalata musu wani lungun ƙwaƙwalwa da ake kira insula. Da yawansu sun daina shan taba nan take, ba wahala, ba marmari. Tarbiyyar dattawan farko ba ta lalace ba, kuma ba wa'azi mashaya tabar suka ji ba.

Taɓin hankali ba nesa yake da wannan ba. Maganin farko da ya yi tasiri a kan hauka mai sa jin muryoyi da zargin mutane, kulofuromazin, an tabbatar da tasirinsa ne a Faris a 1952 a hannun Jean Delay da Pierre Deniker, daga baya aka gane cewa toshe ƙofofin dofamin yake yi. Ƙwayoyin da ke tunzura dofamin kuwa, idan an sha da yawa, suna haifar da hauka mai kama da wannan ga wanda lafiyarsa ƙalau. Game da tabar wiwi, wani bincike da aka buga a 1987 ya bi matasa sama da 45,000 da aka ɗauka aikin soja a Suwidin har shekara 15, ya tarar waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau shida wajen kamuwa da wannan ciwo. Hanyar kuma tana tafiya ta ɗaya gefen. Mai ciwon damuwa, da matar da baƙin cikin gidan aure ya hana ta barci, da wanda ya ga an kashe iyayensa a gabansa, duk sukan nemi sauƙi a kwalba tun kafin kowa ya gane ba su da lafiya. Likitan da ya kula da shaye-shayen ya bar damuwar, rabin aiki ya yi.

Yanzu ga masu ja, kuma ba su da ƙarancin hujja. Na farko zai ce, mai sankara bai zaɓi cutarsa ba, wannan kuwa da hannunsa ya kai kwalba baki. Gaskiya ne, shan farko zaɓi ne, kuma akwai alhaki a kansa. Amma mu duba yadda muke yi da sauran cututtuka. Mai ciwon suga da ya ƙi barin zaƙi, da mai hawan jini da ya ƙi rage gishiri, da direban da ya yi gudun wuce sa'a ya karye, ba wanda muke kora daga asibiti don yana da hannu a abin da ya same shi. Bayan haka, mutane da yawa sun ɗanɗana, kaɗan ne suka kamu, kuma nazarin tagwaye da iyalai ya nuna gado yana ɗaukar kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na wannan haɗari. Abokai biyu za su fara rana ɗaya, ɗaya ya watsar bayan wata guda, ɗaya ya nutse, ba lallai don na farkon ya fi tsoron Allah ba.

Ja na biyu ya fi nauyi, daga cikin masana kansu ya fito. Lokacin yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka ya kamu da jarabar hiroyin da danginta. Lee Robins ta bi su bayan sun koma gida, ta tarar cikin shekarar farko kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka koma cikin jarabar. Bruce Alexander a Kanada kuma ya nuna a ƙarshen shekarun 1970 cewa ɓerayen da aka sa a fili mai faɗi tare da 'yan'uwansu ba su shan ruwan mofin kamar waɗanda aka kulle su kaɗai, ko da yake waɗanda suka maimaita gwajin ba duka suka sami sakamako iri ɗaya ba. Daga irin wannan ne Gene Heyman da Marc Lewis suka rubuta littattafai suna musun a kira jaraba cuta. Heyman ya ce matsalar zaɓi ce, Lewis ya ce koyo ne mai zurfi. Ina ganin sun yi daidai a abin da suka gani, kuma sun gyara wuce gona da irin da wasu suka yi na nuna kamar wanda ya kamu ya zama inji. Mutane da yawa suna dainawa, wasu ma ba tare da likita ba. An kuma gwada ba masu jarabar hodar iblis 'yar lada duk lokacin da gwajin fitsarinsu ya fito tsaf, aka ga abin yana aiki, wanda ke nuna zaɓi bai mutu ba. Sai dai wannan duka bai rushe bayanin ƙwaƙwalwa ba, cika shi ya yi. Sojan da ya bar Biyetnam ya bar alamomin da Schultz ya nuna suna tayar da so: wurin, abokan, fargabar yaƙi, arhar kayan. Ya koma inda akwai iyali da aiki. Ƙwaƙwalwar da ta koyi jaraba tana iya koyon wani abu idan an ba ta abin koyo da lokaci. Tambayar da ta rage gare mu ita ce, matashin da muka sako daga tsare, ina muke mayar da shi? Lungu ɗaya, abokai ɗaya, zaman banza ɗaya, ga kuma sabon suna da zai hana kowa ɗaukarsa aiki ko ba shi 'ya.

Ja na uku na malamanmu ne, cewa kiran abin cuta zai sassauta haramcinsa. Haramcin maye yana nan daram, kimiyya ba ta da hurumin taɓa shi, hasali ma ta ƙara bayyana hikimarsa, tun da ta nuna cewa kariya mafi inganci ita ce kada a fara. Abin da ake magana a kai shi ne yadda za a yi da wanda ya riga ya faɗa. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, saboda shan giya, ana yi masa hukunci yana komawa. Da wani ya la'ance shi saboda yawan kawo shi da ake yi, Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Hukunci bai faɗi ba, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba, ba a kuma ɗauki komawarsa a matsayin dalilin yanke ƙauna ba. Magabata ma ba su ga saɓani tsakanin addu'a da asibiti ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai tare, asibitin Mansuri da aka gina a Alƙahira a 1284 kuma yana da sashen masu taɓin hankali.

Akwai ja na huɗu da ya kamata masu kimiyya su karɓa da hannu biyu: alƙawarin ya fi abin da aka cika. Har yau babu hoton ƙwaƙwalwa da likita zai duba ya ce wannan mutum yana da jaraba ko ciwon damuwa, bambancin da ake gani na rukuni ne idan an kwatanta shi da rukuni. Babu maganin da aka amince da shi don jarabar hodar iblis ko tabar wiwi. Amma inda magani yake, yana ceton rai. Metadon, wanda Vincent Dole da Marie Nyswander suka yi amfani da shi wajen jinyar masu jarabar hiroyin a Niyok a tsakiyar shekarun 1960, da bufurenofin da ya biyo baya, suna zama a ƙofofin da hiroyin ke shiga, su kwantar da azabar rashin sha ba tare da jefa mutum cikin maye ba idan an ba da su bisa ƙa'ida. Suna rage mace-macen masu wannan jaraba da kusan rabi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Masu cewa an musanya ƙwaya da ƙwaya ne kawai, su dubi mutumin da ya koma sana'arsa, yana ciyar da iyalinsa, yana sallah cikin hayyacinsa. Komawa sha bayan magani kuma, wanda ke faruwa ga kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, bai wuce yadda masu hawan jini da asma ke komawa cikin ciwonsu ba. Idan jinin mai hawan jini ya sake hawa, gyara masa magani ake yi.

Abin takaici, ƙasar nan ta taɓa zama abin koyi a wannan fanni. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen ƙauyawa tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har ma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Ya gane tun a lokacin cewa raba marar lafiya da mutane ƙara masa ciwo ne. Bayan shekara 65, a watan Satumban 2019, 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, kuma iyayensu ne suka kai da yawa daga cikinsu da kuɗinsu. Ban ga amfanin zagin iyayen nan ba. Uwar da ɗanta ya sayar da kayan ɗakinta, ta duba ba ta ga asibitin da zai karɓe shi ba, inda aka nuna mata za ta. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ba za su iya ɗaukar miliyoyi ba, likitocin wannan fanni a duk ƙasar kuma 'yan ɗaruruwa ne. Amma duka da yunwa da kaɗaici su ne ainihin abubuwan da ke hura hanyoyin ƙuncin da Koob ya bayyana, don haka gidan mari yana sako mutum ne da ƙishirwar da ta fi wadda ya shiga da ita.

A watan Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Doka a takarda ba ta warkar da kowa. Ina kira ga gwamnatocin jihohinmu su sa kula da shaye-shaye da taɓin hankali cikin aikin ƙananan asibitocin unguwa, a horar da ma'aikatan jinya da ke can, domin jiran ƙwararren likita ga kowane marar lafiya jiran gawon shanu ne. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ci gaba da farautar dillalai da masu shigo da kaya, amma yaron da aka kama da kwalba ɗaya a miƙa shi ga mai magani. Jami'o'inmu su binciki tiramol da sholisho da haɗe-haɗen da yaranmu ke sha, domin ɗakunan binciken Amurka ba za su yi mana wannan aiki ba. Malamai da ke kan mumbari su ci gaba da faɗin haramcin, su ƙara da gaya wa iyaye cewa kai yaro asibiti ba tonon asiri ba ne. Ku kuma iyaye da ke cikin wannan zaure, idan akwai wanda kuka kulle a gida ko kuka kai wani wuri aka sa masa mari, ku fito da shi ku kai shi wurin likita, ku shirya cewa jinyar za ta ɗauki shekaru, kuma idan ya koma sha ku sake mayar da shi.